Wa ke da iko da ƙafar ɗan wasa? Rigimar musaya a gasar NBA

Da safiyar Lahadi, 2 ga Fabrairun 2025, masu bin ƙwallon kwandon Amurka a Bauchi suka dawo daga sallar asuba suka tarar da wani labari a wayoyinsu wanda da yawa suka ƙi gaskatawa: ƙungiyar Dallas Mavericks ta miƙa Luka Dončić ga Los Angeles Lakers, ta karɓi Anthony Davis. Can Amurka ma sai da mutane suka ɗauka kutse aka yi wa shafin ɗan jaridar da ya fara fitar da maganar. Dončić shekarunsa 25 a lokacin, ko shekara ba a yi ba da ya kai Dallas wasan ƙarshe na gasar, bai ce zai tafi ba, ba kuma wanda ya nemi shawararsa. Sai da aka gama ciniki aka kira shi aka gaya masa.

Ba a rufa mako ba sai ga Miami Heat ta sallami Jimmy Butler zuwa Golden State Warriors. Shi kuma nasa akasin haka ne. Shi ya tsaya kai da fata sai ya tafi, ƙungiyar ta dakatar da shi har sau uku cikin watan Janairu kaɗai, kafin ta gaji ta rabu da shi. Masu cewa 'yan wasan zamanin nan sun cika girman kai suna nuna Butler, masu cewa shugabannin ƙungiyoyi ba su da amana suna nuna Dončić. Ni a ganina hali ba shi ne tushen rigimar ba. Dokokin gasar ne da kansu suka shirya wannan faɗa, ko waliyyai aka zuba a kujerun nan sai an yi shi.

Abin da ya sa lamarin ke ɗaure mana kai shi ne mu 'yan ƙwallon ƙafa ne tun asali. Wanda ya tashi yana kallon Wikki Tourists a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, ko yana biyan kuɗin gidan kallo don wasannin Firimiya, ya san ƙa'ida guda: ƙungiyoyi biyu na iya daidaitawa a kan farashi, amma in ɗan wasa bai sa hannu ba, ciniki ya mutu. Mun gani a kan Victor Osimhen a 2024. Napoli ta iya cire sunansa daga jerin 'yan wasanta, ta iya barinsa zaune, amma ba ta iya ɗaukarsa ta kai shi inda ba ya so ba. Galatasaray ɗin da ya je aro, sannan ya zama nata a 2025, da yardarsa ya je.

A NBA ba haka abin yake ba. Ba a sayen ɗan wasa da buhun kuɗi irin na Turai, musaya ake yi: in ba ka ɗan wasana, ka ba ni naka, ko ka ba ni damarka ta zaɓar matasa masu shigowa gasar a shekaru masu zuwa. Kuma takardar kwantiragin ce take tashi daga wannan ofis zuwa wancan yadda take, da albashinta da sauran shekarunta. Shi ɗan wasan bin takardarsa kawai zai yi, ya je a duba lafiyarsa, a ba shi sabuwar riga. Ya fi kama da malamin makarantar gwamnati da ya wayi gari da takardar canjin wurin aiki daga cikin garin Bauchi zuwa Gamawa: albashinsa na nan, matakinsa na nan, amma ba wanda ya tambaye shi ko yaransa na tsakiyar zangon karatu.

Ba a banza 'yan wasan suka yarda da hakan ba. Akasarin kwantiragin NBA lamuntacce ne: ka karye, ka tsufa, hannunka ya daina cin kwando, kuɗinka na nan sai an biya ka har ƙarshe. Kusan rabin kuɗin shigar gasar ma 'yan wasa ne ke rabawa, bisa yarjejeniyar da ƙungiyarsu ta ƙwadago ta ƙulla da masu ƙungiyoyin 30. Farashin wannan kwanciyar hankali shi ne ba ka da ta cewa a kan garin da za ka kwana. Akwai sharaɗin da ke hana a musanya mutum sai da izininsa, amma kafin ka cancanci nemansa sai ka yi shekara 8 a gasar, 4 daga ciki a ƙungiyar da kake, sannan ita ma ta yarda ta rubuta. A kakar 2024/25, cikin 'yan wasa kusan 450, mutum biyu kacal ke da shi: LeBron James da Bradley Beal.

Da can ma abin ya fi haka tsanani. Kafin 1976, ƙungiyar da ta ɗauke ka tana da ikon ci gaba da riƙe ka ko kwantiraginka ya ƙare. Oscar Robertson, shugaban ƙungiyar 'yan wasa a wancan lokaci, shi ya kai gasar kotu a 1970, aka shekara shida ana kai ruwa rana kafin a sasanta. Cikakken 'yancin ɗan wasa ya tafi inda ya ga dama bayan ƙarewar kwantiragi kuwa sai 1988 ya samu.

Masu cewa neman tafiya sabuwar tsiyar yaran yanzu ce sun manta da Kareem Abdul-Jabbar. Ya ci wa Milwaukee Bucks kofi a 1971, amma a 1974 ya zauna da shugabanninta ya ce musu zaman garin bai dace da rayuwarsa da al'adarsa ba, a kai shi New York ko Los Angeles. An rufe maganar watanni, yana buga wasansa, a 1975 aka ba Lakers shi, ya ƙara cin kofi biyar a can. Bambancinsa da na yau shi ne babu waya a hannun kowa da za ta fallasa zancen tun daren da aka yi shi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne namu, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda Houston Rockets ta zaɓa na farko a 1984. Yawancin matasanmu sun san shi ne a matsayin dattijo mai natsuwa da ke buga wasa da azumi a bakinsa. Ba su san a watan Maris na 1992 shi da shugabannin Houston sun yi baram-baram ba. Ya ce ya ji ciwo a tsokar bayan cinya, ba zai iya wasa ba. Su kuma suka ce ƙarya yake, lafiyarsa ƙalau, yana fakewa da ciwo ne don a ƙara masa kuɗi, suka dakatar da shi ba albashi. Hakeem ya fito fili ya nemi a sauya masa ƙungiya, ya kira mai ƙungiyar, Charlie Thomas, matsoraci. Houston ta kasa shiga wasannin neman kofi a wannan shekara, aka shafe lokacin hutu ana cinikinsa ba a daidaita da kowa ba.

Abin da ya kashe wutar ba lauya ba ne. A farkon kaka ta gaba aka tura Houston ta buɗe wasanninta a Japan, tafiyar jirgi mai tsawo ta haɗa Hakeem da Thomas wuri guda, suka zauna suka amayar da abin da ke cikinsu. Ya sabunta kwantiragi, ya ci musu kofi a 1994 da 1995, su ne kofuna biyun da Houston ke da su har yau. Da an samu mai saye da farashin da ake so a 1992, da babu wannan tarihi. Duk da haka, da ƙarfinsa ya ƙare, a 2001 Toronto ya koma ya ƙarasa wasansa. Duk abin da ake rigima a kai yau yana cikin wannan labari: ciwon da ɗan wasa ke ji ƙungiya ba ta gani, kuɗin da ake hange a kwantiragi na gaba, da mutuncin da kowa ke ganin an taɓa masa.

To me ya sa abin ya yawaita yanzu? A fara daga ƙofar shiga. Matashi ba shi ke zaɓar ƙungiyarsa ta farko ba. Kowace shekara a watan Yuni ana jera masu shigowa, ƙungiyoyi na zaɓa bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke da babban rabon fara zaɓa. Wato mafi hazaƙar yaro yakan faɗa hannun ƙungiya mafi rauni. Zai yi shekara 4 a kwantiragin farko, in ya ƙare kuma ƙungiyarsa na da ikon biyan duk abin da wata ta taya ta riƙe abinta. Kafin tauraro ya samu cikakken ikon kansa ya kai shekara bakwai zuwa tara a garin da ƙuri'a ta jefa shi.

Sai maganar albashi, wadda a nan gizo ke saƙar. Gasar na da iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe wa 'yan wasanta, kimanin dala miliyan 140 a kakar 2024/25, kodayake akwai ƙofofin wuce ta. Tun 1999 kuma aka sa wa kowane mutum ɗaya tasa iyakar: kashi 25, ko 30, ko 35 cikin ɗari na wancan adadi, gwargwadon shekarunsa a gasar. Kafin wannan doka, a kakar 1997/98, Chicago Bulls ta biya Michael Jordan dala miliyan 33 shi kaɗai, fiye da iyakar da aka sa wa ƙungiya guda sukutum. Yau ba mai iya samun irin wannan. A wasan da mutum biyar ne kawai ke cikin fili daga kowane ɓangare, gwani ɗaya na iya juya ƙungiya gabaki ɗaya, amma doka ta ce albashinsa ba zai wuce na wanda bai kai rabinsa ba da wani abin kirki. Ragowar darajar tasa da ba a biya da kuɗi ba ai ba ɓacewa take ba. Da iko yake karɓarta: wane koci za a kawo, wa za a ɗauko masa, in kuma bai gamsu ba, wane gari za a kai shi.

Makaminsa kuma lokaci ne. Babu abin da manajan ƙungiya ke tsoro kamar tauraronsa ya ƙare kwantiragi ya fita ba a samu ko sisi a kansa ba, kamar yadda Kevin Durant ya bar Oklahoma City Thunder a 2016 ya koma Golden State. Saboda haka da zarar saura shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, in ɗan wasa ya ce ba zai sabunta ba, ƙungiya ta shiga tsaka mai wuya. Haka Anthony Davis ya yi wa New Orleans Pelicans a Janairun 2019. Wakilinsa, Rich Paul, ya fito ya faɗa wa duniya, gasar ta ci Davis tarar dala 50,000 saboda doka ta hana neman musaya a bainar jama'a. Ga mai karɓar sama da dala miliyan 25 a shekara, wannan kuɗin shan shayi ne. New Orleans ta ja har watan Yuni, ta ba Lakers shi, ta karɓi matasa uku da damar zaɓe uku, shi kuma ya ci kofi a 2020.

In kuwa takarda na da sauran tsawo, sai labari ya sha bamban. Durant ɗin nan ya nemi Brooklyn Nets ta sake shi a ƙarshen Yunin 2022 alhali sabon kwantiraginsa na shekara 4 bai ma fara aiki ba. Brooklyn ta sa farashin da ba mai iya biya, ta naɗe hannu, a watan Agusta ya haƙura ya dawo, sai Fabrairun 2023 ta ba Phoenix Suns shi a lokacin da ta ga dama. Damian Lillard, bayan kaka 11 a Portland Trail Blazers, ya ce a Yulin 2023 Miami kawai yake so. Wakilinsa ya riƙa nuna wa sauran ƙungiyoyi kada su ɓata lokacinsu, har gasar ta fitar da takardar gargaɗi. Portland ta yi kunnen uwar shegu da Miami, ta tura shi Milwaukee.

Masu ƙungiyoyi sun so toshe wannan ƙofa a yarjejeniyar 2017, suka ƙirƙiro wani babban kwantiragi na musamman wanda ƙungiyar da ta reni tauraro ce kaɗai za ta iya ba shi, ya kai kashi 35 tun kafin ya cika shekara goma. Nufinsu kuɗi ya ɗaure shi a gida. Sai 'yan wasa suka gane hanya: ka sa hannu tukuna, ka kama kuɗin, bayan shekara ɗaya ko biyu ka ce a sauya maka wuri, tunda takarda za ta bi ka. Su ma ƙungiyoyin sai suka fara tsoron abin da suka ƙirƙira. Da Dončić ya kai tsakiyar 2025 a Dallas, da ya cancanci dala miliyan 345 na shekara 5. Musayar ta soke wannan dama baki ɗaya, wanda ya sa wa hannu a Lakers a watan Agusta na dala miliyan 165 ne na shekara 3. Manajan Dallas, Nico Harrison, ya ce tsaron gida yake nema don da shi ake cin kofi, 'yan jarida kuma suka yi ta rawaito cewa ƙungiyar na ƙorafi kan yadda yaron ke kula da jikinsa. Magoya baya ba su karɓi ko ɗaya ba. Suka yi ta ihun a kori Nico a kowane wasan gida, a Nuwamban 2025 aka kore shi.

Rigimar da ta fi zafi kuwa ba a kan abin da aka rubuta take tashi ba, a kan abin da aka faɗa da baki ne. A 2022 James Harden na da damar karɓar kimanin dala miliyan 47 a Philadelphia 76ers, ya ajiye ta ya karɓi kusan 33 don ƙungiyar ta samu sararin ɗauko wasu. Shugaban sashen wasanta, Daryl Morey, tsohon amininsa ne tun zamansu a Houston. Da shekara ta zagayo, dogon kwantiragin da kowa ke tsammani bai zo ba. A Agustan 2023, a gaban taron masoyansa a ƙasar Sin, Harden ya ɗauki makirufo ya ce Morey maƙaryaci ne, ba zai sake zama a ƙungiyar da yake ba, ya kuma maimaita don kada a ce ba a ji ba. Aka ci shi tarar dala 100,000. Ya gaya wa masu binciken gasar cewa alƙawarin da yake nufi shi ne na gaggauta sauya masa ƙungiya, amma mutane da yawa sun fi zargin maganar kuɗi ce. Bayan wata biyu da 'yan kai aka kai shi Los Angeles Clippers.

Me ya hana a rubuta irin wannan alƙawari a huta? Haramun ne a dokar gasar. A shekarar 2000 aka gano Minnesota Timberwolves ta yi yarjejeniyar ɓoye da Joe Smith, cewa ya karɓi kaɗan yanzu a biya shi da yawa daga baya. Aka ci ta tarar dala miliyan 3.5, aka ƙwace mata damar zaɓe biyar na zagayen farko, daga baya aka mayar mata da biyu. Tun daga nan kowa ya shafa wa gemunsa ruwa. Abin da ya rage sai kallon ido da "kada ka damu, muna tare". In aka saɓa, ba kotun da za ka kai ƙara, don in ka tona kai ma ka tona kanka.

Ko mutumin da muke alfahari da shi bai tsira daga wannan ba. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, yana shugabancin Toronto Raptors a 2018 lokacin da Kawhi Leonard ya ɓata da San Antonio Spurs kan yadda aka tafiyar da ciwon cinyarsa, bayan ya buga wasa 9 kacal a kakar. Ujiri ya ga dama ta samu, ya ba da DeMar DeRozan, mutumin da ya yi kaka tara a Toronto, wanda a 2016 ya sabunta kwantiragi ba tare da ya ko saurari wata ƙungiya ba. DeRozan ya ce an nuna masa ba za a taɓa shi ba. Ujiri ya fito gaban 'yan jarida ya nemi afuwa kan rashin fahimtar da aka samu, amma bai janye ciniki ba. A 2019 Toronto ta ci kofinta na farko, wata guda bayan nan Leonard ya tattara ya koma Clippers. Duk wanda ya ce Ujiri ya yi kuskure bai san aikin ba. Duk wanda kuma ya ce DeRozan ba shi da hujjar jin ciwo bai san mutum ba.

Irin waɗannan 'yan wasa ke lissafawa in aka yi musu wa'azin riƙon amana. Isaiah Thomas ya buga wa Boston Celtics wasannin neman kofi a 2017 kwana guda bayan rasuwar ƙanwarsa a hatsarin mota, ya ci gaba da ciwon ƙugu har ya kasa. A watan Agusta aka ba Cleveland shi, bai sake ganin babban kwantiragi ba. Blake Griffin ya sa hannu na shekara 5 a Clippers a Yulin 2017, kafin ƙarshen Janairu yana Detroit.

A wani filin kwando da ke Yelwa, inda ɗalibai ke haɗuwa bayan la'asar, na ji wani yaro dogo yana gardama da tsohon kocinsu a makon da ake ta dakatar da Butler.

"Koci, ni fa ban ga laifinsa ba. Sau biyu ya kai su wasan ƙarshe, 2020 da 2023, ya nemi ƙarin shekaru suka hana. Har shugaban ƙungiyar, Pat Riley, ya ce masa ya rufe bakinsa a gaban 'yan jarida."

"Kai yaro, hannu ya sa a takarda ko bai sa ba? Albashinsa ana biya ko ba a biya?"

"Ana biya, Koci."

"To jirgin ƙungiya ya tashi ba shi a ciki, an ce ba zai fara wasa ba ya fice daga atisaye. Kai in ka yi mini haka a nan, gobe ma kada ka zo."

"Allah ya huci zuciyarka, Koci. Amma ni ai ba wanda zai ba ni miliyan ɗari in na tafi."

Yaron ya fi kocin kusa da gaskiyar lissafin, don Butler na sauka Golden State ya sa hannu a sabon kwantiragin shekara 2 na sama da dala miliyan 100, abin da Miami ta hana shi ke nan. Amma a wajen hukunci ina bayan kocin. Ɗan wasa na da haƙƙin ya ce ya gaji, a sauya masa wuri, tunda ita ma ƙungiya ba ta neman izininsa. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya janye ƙafarsa yana miƙa hannu a biya shi. Ben Simmons ya ƙi buga wa Philadelphia ko wasa ɗaya a kakar 2021/22, ya ce hankalinsa ba a kwance yake ba, ƙungiyar ta riƙe masa kusan dala miliyan 20, sai bayan an musanya shi aka sasanta a asirce. Matsalar ƙwaƙwalwa gaskiya ce, ba abin wasa ba, amma da ta haɗu da neman tafiya sai kowa ya rasa gane inda ciwo ya tsaya, inda ciniki ya fara. Wanda zai zo gobe da ciwon gaske shi zai sha zargin.

Sai dai duk wannan faɗan giwaye ne, masu irin wannan iko ba su kai mutum ashirin ba. Doka ta ce ƙungiyar da ta wuce iyakar albashi, in za ta karɓi mai babban albashi, sai ta fitar da kusan kwatankwacinsa. Don haka duk tauraron da ya motsa, sai an tattaro mutum uku ko huɗu da ba su ji ba ba su gani ba a cika mudu da su. Musayar Butler ƙungiya biyar ta shafa, wadda ta kai Durant Houston a Yulin 2025 ƙungiya bakwai. Harrison Barnes yana kan benci ana tsakiyar wasa a Fabrairun 2019 labari ya fita cewa Dallas ta ba Sacramento shi. Draymond Green, ɗan wasan Golden State, ya taɓa yin dogon ƙorafi a 2021, da Cleveland ta zaunar da Andre Drummond lafiyarsa ƙalau tana nema masa mai saye: in ƙungiya ta yi haka an ce dabara ce, in ɗan wasa ya yi an ce ya ɓata ƙungiya. Ban ga wanda ya ba shi amsa mai gamsarwa ba.

Dennis Schröder, ɗan Jamus, ya zarce haka. Ana saura kwanaki a rufe kasuwar musaya a Fabrairun 2025 ya kamanta tsarin da bautar zamani, kuma a makon aka haɗa da shi cikin cinikin Butler, ya ƙare a Detroit, ƙungiya ta uku da ya buga wa a kaka guda. Ƙorafinsa na da tushe, amma kalmar ta yi nauyi, musamman a kunnen ɗan wasan Gombe Bulls ko Bauchi Nets. Tun da hukumar ƙwallon kwandon Najeriya ta rabu biyu a 2017, aka yi zaɓe ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, gasar cikin gida ta yi shekaru tana tangal-tangal. 'Yan matan D'Tigress, zakarun Afirka, sai da suka fito a bidiyo a 2021 suna neman alawus ɗinsu, a 2022 kuma gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin waje, aka ba Mali gurbinsu a gasar cin kofin duniya. Na san yaran da suka buga kaka guda a nan arewa ba su riƙe ko kwafin takardar da suka sa wa hannu ba. Schröder yana kukan takardarsa na yawo da shi, su kuwa takardar ce ba su gani ba.

Wa ke cin riba in an rabu? Ba kullum mai tafiya ba. Paul George ya sabunta da Oklahoma City a 2018, ya nemi tafiya a 2019. Ƙungiyar ba ta tsaya jayayya ba, ta tatse Clippers: damar zaɓe biyar na zagayen farko da wani matashi mai suna Shai Gilgeous-Alexander. A 2025 matashin ya zama gwarzon gasar, Oklahoma City ta ɗauki kofi.

Alamu na nuna nan gaba daga ɓangaren ofis wuƙar za ta fi fitowa. Yarjejeniyar 2023 ta ja wani sabon layi a saman iyakar albashi, wanda duk ƙungiyar da ta haye shi ba haraji kaɗai za ta biya ba: za a hana ta haɗa albashin mutum biyu don karɓo ɗaya, a hana ta saka tsabar kuɗi cikin musaya, a kulle mata damar zaɓenta ta shekaru masu zuwa. Wannan ya rage ƙungiyoyin da za su iya karɓar tauraro mai fushi, ya kuma sa masu nasara na zubar da mutanensu da hannunsu. Minnesota ta ba New York Knicks Karl-Anthony Towns a 2024 bayan kaka tara, watanni kaɗan da kaiwarta wasan kusa da na ƙarshe. Jrue Holiday, wanda Milwaukee ta bayar don samun Lillard, ya ratsa Portland na 'yan kwanaki ya sauka Boston, ya ci kofi da ita a 2024. Shekara guda bayan nan Boston ta sallame shi tare da Kristaps Porziņģis don ta sauko ƙasan layin, shi aka sake mayar da shi Portland. Yarjejeniyar za ta kai 2030, amma kowane ɓangare na da damar ficewa daga cikinta a 2029, kuma ƙungiyar 'yan wasa ta riga ta fara gunaguni a kan wannan layi.